Mutumin da Ya Ci Tuwo da Hagu

Fim mafi tsufa da na sani ban taɓa ganinsa da idona ba, amma na haddace shi fiye da yadda na haddace kowane darasi na makaranta. Kakannina na wajen uba ne suka kalle shi suna yara, a ƙauyenmu da ke yankin Kakangi, kuma tun daga lokacin suke gardama a kansa. Ni a cikin gardamar na tashi. Ina jin da ita aka yaye ni, ba da kunu ba.

Ga abin da su biyun suka yarda da shi. Wata rana mota ta shigo ƙauye da wani ƙaton ƙaho a kanta mai magana da muryar mutum. Aka ce majigi ne ya zo. Aka kafa sanduna biyu a filin ƙofar gidan mai gari, aka ɗaura farin ƙyalle a tsakani, da aka idar da sallar magariba aka ta da inji. Haske ya fito daga wani akwati ya sauka a kan ƙyallen, sai ga mutane suna yawo a kai. Babu launi, baƙi da fari ne kawai. Mutanen cikin ba a jin muryarsu, baki kawai suke motsawa. Wani ma'aikaci ne tsaye a gefen mota yake faɗin abin da suke cewa, yana ƙara nasa. Fim ne na koyar da noman auduga. Wani manomi ya yi huɗa da shanu, ya shuka a layi, ya yi noma, ya tsinci audugarsa, ya kai ta wurin awo, ya dawo gida. Matarsa ta kawo masa tuwo a akushi. Ya wanke hannu, ya zauna, ya fara ci.

Har nan babu saɓani. Daga nan ne aure ke shiga haɗari.

Kaka ta ce da hagu mutumin ya ci tuwon. Ta ce da idonta ta gani, babban mutum mai iyali, a gaban jama'ar gari, ya tsoma hannun hagu cikin miya, kuma tun ranar ta san duk abin da aka faɗa a kan audugar ƙarya ne, don marar tarbiyya ba ya koya wa mutane noma. Baba Tsoho kuwa, mijinta, ya ce da dama ya ci kamar kowane ɗan Musulmi, ita ce dai lokacin ba ta fi tulu tsawo ba, abin da ta gani ƙafafun mutane ne. Sai ta ce kowa a garin ya san Malam ya ruga a guje lokacin da shanun cikin fim ɗin suka nufo jama'a, har ya bar takalmi, to a ina ya ga tuwo? Sai ya ce ba gudu ya yi ba, uzuri ne ya kama shi, kuma ya dawo kafin a kawo akushi. Majigin bai sake zuwa ƙauyenmu ba. Sauran waɗanda suka kalla kuma, ko sun rasu, ko su ce su dai shanun suke tunawa. Saboda haka babu alƙali.

Aikina a gidan shi ne hura wutar. In na ga shiru ya yi yawa, sai in jira an zuba tuwo, in gyara zama inda za su gan ni, in yanko loma da hagu in ce irin cin mutumin majigi nake yi. Inna, mahaifiyata, takan kai mini duka a hannu, amma kafin dukan ya sauka an riga an fara. Akan yi har tuwo ya huce, har kaji su shige akurki. Na taɓa ba abokaina labarin cewa wata rana ladan ya zo wucewa ya tsaya saurare, aka neme shi a masallaci aka rasa, da ya isa kuma ya ce wa liman shi ma yana ganin hagu ne. Kaka amaryata ce, kamar yadda kowace kaka take ga jikanta, ni kuma maigidanta ne mai cefanen iska. Baba Tsoho yana kirana ɓarawon mata, yana cewa ranar da zai kama ni sai gaban mai gari. A gardamar, ni kullum ina bayan wanda ya fi kusa da ƙwaryar gyaɗa.

A daminar da aka katse layukan waya a yankinmu mutanen daji suka ɗauke Baba Tsoho. Da hantsi ne. Ya tafi duba dawa a gonarsa ta bakin daji, wadda Baba, mahaifina, ya hana shi zuwa, shi kuma ya ce dawar ba ta san an hana ba. Wani maƙwabcinmu da ya kwanta cikin dawa ya ce ya ga an ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, an shiga da shi tare da wasu. Iyakar abin da muka sani ke nan. A da in sun ɗauki mutum sukan kira. Yanzu babu sabis. Babu ta inda za su kira, babu ta inda za mu tambaya.

Ba a daɗe ba suka shigo ƙauyen kansa, sai muka tashi. Mun yi tafiyar ƙasa har inda muka sami motar kaya. Na zaci zan yi kuka. Ina ta jiransa a hanya kamar yadda ake jiran mota a tasha, bai zo ba. Abin da nake tunawa shi ne silifas ɗina ya tsinke, na ɗaure shi da leda, ledar tana cin tsakanin yatsuna, kuma duk tafiyar a nan hankalina yake.

A Birnin Gwari wani kawun Baba ya ba mu sito a bayan kasuwa, ɗakin ajiyar hatsi mai tsawo. Babu hatsi a ciki, don babu mai kawowa. Babu taga. In an rufe ƙofa da rana tsaka sai ka lalubi hancinka ka tabbatar yana nan. Akwai wani ƙaton ɓera da nake zargin shi ne ainihin mai siton, don in ya zo wucewa kallonmu yake kamar mun shigo ba sallama. Baba ya ɗaura igiya daga bango zuwa bango, Inna ta rataya zannuwa a kai, ɗaki ya zama biyu. Can ciki Kaka da Inna da ƙannena mata, wajen ƙofa ni da Baba.

Kaka ta shimfiɗa tabarmarta a ƙuryar ciki ta juya fuska ga bango. Takan tashi ta yi alwala, ta yi sallah a zaune, ta koma ta kwanta. Ba ta kuka. Ba ta magana. Ba ta ci. In Inna ta matsa mata da kunu sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin a hankali, ba da fushi ba, kamar an miƙo mata abin da ba nata ba. Inna ta yi fate, ta yi dambu, ta yi ɗanwake, duk da abin da ke hannunmu bai kai ya kawo ba. Mu muke cinyewa. Wannan ma na tuna: na ci dambun Kaka har na suɗe kwano, kuma ya yi mini daɗi. Baba ya kira wani malamin asibiti, ya duba ta, ya ce shi bai ga ciwo ba, amma jikin tsoho ba ya jira, a san yadda za a yi ta ci. Ya faɗi wannan a bakin ƙofa, a hankali, ya ɗauka ban ji ba. Awarwaron da ke wuyan hannunta a lokacin ya fara zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga.

Na gwada duk kayan aikina. Na tsaya a kanta na ce na gaji da auren da babu gaisuwa babu girki, zan sake ta in auri mai ƙosai ta bakin kasuwa, wadda ta fi ta haƙora. Na ce ɓeran sito ya aiko neman aurenta, ni kuma na amince. Na ce an gan ni jiya ina kokawa da jaki na kayar da shi. Daga ƙarshe na ɗauko kwanon tuwo na zagaya har gabanta, tsakaninta da bango, na yanko loma da hagu na ce irin cin mutumin majigi. Inna ma ba ta kai mini duka ba. Kaka ta dube ni, idonta a buɗe, amma kallon ya wuce ta cikina ya tafi bango. Na haɗiye lomar. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba. Ji na yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kana taɓawa kana sanin taka ce, amma shi ke nan.

Makaranta a rufe take, don haka da rana ina zama a shagon cajin waya da ke manne da wani gidan kallon ƙwallo. Mutum ɗaya ne mai su duka. Tunda babu sabis, waya ta koma tocila da rediyo da wurin ajiye fim. Mai shagon yana da kwamfuta cike da finafinai yana tura wa mutane a memori, mu kuma yara marasa waya muna tsaye muna kallo ta kafaɗar masu ita. Wata rana gardama ta tashi a kan wane ne ya taɓa kallon fim mafi tsufa. Wani ya ce nasa na Indiya ne, wandon jarumin in aka ɗaure ƙafafunsa zai ɗauki buhun masara. Wani ya ce nasa na 'yan kanfu ne, mutum ya gama magana ya tafi gida bakinsa na nan yana motsi. Ni kuwa na ce duk yara ne, na kawo musu fim ɗin auduga kamar ni na kalla. Na ce don tsufansa shanun cikin da sanda suke dogarawa, kuma ana cikin nunawa manomin ya leƙo daga ƙyalle ya tambayi kakana ko akwai sauran yaji. Suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa. Ni ina tsaye ina jin bakina yana aiki shi kaɗai.

Mai shagon bai yi dariya ba. Ya ce in zo in ga tsufa na gaske. Ya buɗe wasu gajerun finafinai da ya ce ya kwaso a Kaduna tun ana da sabis, babu mai so, shi dai bai goge ba. Baƙi da fari, babu sauti, hoton yana ta yayyafi, mutane suna tafiya da sauri kamar cinnaka ta shiga wandonsu. Na tambaye shi na auduga. Ya ce irin waɗancan a faifai suke, wa ya san inda aka jibge su, wataƙila gara ta daɗe da gamawa da su. Amma a cikin nasa akwai wani na wata kasuwa, bai san ko ta wace ƙasa ba ce, mutanen dai fuskokinsu irin namu, da manyan riguna da jakuna. Can wajen ƙarshe wani mai gemu ya zauna a tabarma, aka ajiye masa ƙwarya, ya fara cin wani abu da hannu. Da dama.

A nan dabara ta zo mini. Zan nuna wa Kaka wannan in ce mata shi ne mutumin majigi, ga shi nan da dama yake ci, Baba Tsoho ya yi nasara, shari'a ta ƙare. Na san amaryata. Tana iya yafe wa yunwa, tana iya yafe wa mai ƙosai, amma wannan ba za ta bari ya wuce ba. In ta yi fushi za ta yi magana, in ta yi magana wataƙila ta ci.

Na fara gwadawa a wayar Baba. Na kai mata har gaban fuska. Idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa, kuma ko yana gani ba ta kalla ba. Na koma wurin mai shago na ce ina son aron ƙaramin majiginsa da yake haska ƙwallo da shi a jikin farin yadi. Na shirya masa jawabi mai tsawo, har da alkawarin share masa gidan kallo har in yi furfura. Bai bari na kai rabi ba. Ya tambaye ni ko tsohuwar ce wadda aka shiga da mijinta. Na ce ita ce. Ya naɗe wata igiyar caji a yatsansa, sannan ya ce gobe bayan azahar, shi zai kawo da kansa, don bai yarda da hannuna ba. Daga baya ne wani yaro ya gaya mini ƙaninsa ma yana daji.

Ya zo da majigin a cikin jaka, da batirin mota a kafaɗa, da yadin a naɗe. Kafin ya gama sallama yaran layinmu sun cika wajen ƙofa, ban san wanda ya gaya musu ba, ko da yake ina zargin kaina. Baba ya ce shi ba ya son shirme, ya fita ya zauna a dakali. Inna ta durƙusa ta roƙi Kaka ta taso ta zo gaba ta ga abin da jikanta ya kawo. Ko motsi ba ta yi ba. Mai shago ya ce a bar ta, ko sautin dariyar yara ta ji. Babu inda za a rataya yadin sai igiyar da ta raba ɗakin, saboda haka aka sauke zannuwan Inna aka maye gurbinsu da shi. Da aka warware farin yadin a tsakar ɗaki, Inna ta kau da kai ta shiga gyara murfin tukunyar da ba ta buƙatar gyara. Mu duka muka zauna ta wajen ƙofa, Kaka ita kaɗai a bayan yadi. Aka rufe ƙofa, duhu ya rufe mu, haske ya fito.

Tunda fim ɗin ba ya magana, ni na zama ma'aikacin gefen mota. Na tsaya na naɗe takarda na yi ƙaho da ita. Na ce jama'a ga kasuwar mutanen da, lokacin da ake sayen jaki a ba ka gyaran akuya. Na ce wannan mai saurin surukinsa ya hango. Na ce wannan matar cewa take kabewarta ta fi kan mijinta girma kuma ta fi shi amfani. Yara suka yi ta kyakyatawa, har ƙannena da suka kwana biyu ba su yi dariya ba. Ni kunnena yana bayan yadi. Ba na jin komai daga can.

Sai mai gemu ya zauna, aka ajiye masa ƙwarya. Na ɗaga murya na ce to ga shi nan, mutumin majigi da kansa, wanda aka daɗe ana yi wa sharri a gidanmu. Na ce kowa ya buɗe ido ya zama shaida, da dama bawan Allah yake ci, Baba Tsoho ya gama magana, amarya kuwa sai ta nemi gafara.

Yara suka amsa cewa dama ce. Mutumin ya kai loma ta biyu, ta uku. Har na fara tunanin abin da zan ce wa mai shago.

"Hagu ne."

Muryar ta fito kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Inna ta kama hannuna a cikin duhu ta matse. Na ce amarya, ki ji tsoron Allah, ga mutum ashirin suna kallo, dama ce.

"Hagu ne, maigida. Ga shi a gabana."

Na ce wa mai shago ya mayar baya, na ɗaga gefen yadin na zagaya don in tsokane ta da kyau. Na same ta ta juyo daga bango, ta tokare da gwiwar hannu, hasken yana wasa a fuskarta. Na buɗe baki, na waiwaya na dubi yadin. Hoton yana fitowa ta baya sarai, ya ɗan dushe kawai. Mai gemu yana zaune yana cin abincinsa da hagu.

Na koma gaba. Dama. Na dawo baya. Hagu. Na yi ta zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke, har mai shago ya ce in zauna ina kaɗa masa yadi. Ya ce ai haka yake, duk abin da aka haska a ƙyalle in ka koma bayansa juyewa yake, kamar madubi. Ya faɗa kamar mai faɗin cewa ruwa na jiƙa mutum.

Na durƙusa kusa da ita na tambaye ta ranar da majigi ya zo ƙauye, ita a ina ta zauna.

"Inda mata ke zama mana. Bayan ƙyalle."

Ta ce maza da samari ne a gaba, wajen mota. Mata da 'yan mata ba sa shiga cikin maza a ƙofar gidan mai gari, don haka aka ce su zagaya baya, ai ana gani ta can ma. Ita tana kan cinyar yayarta a sahun farko, babu ƙafar kowa a gabanta. Duk shekarun nan Baba Tsoho bai taɓa tambayarta inda ta zauna ba, ita ma ba ta taɓa ganin abin faɗa ba ne, don kowa ya san inda mata ke zama. Ta tsaya ta huta, maganar ta gajiyar da ita. Sannan ta ƙara da cewa kuma wannan ba mutuminta ba ne, nata ba shi da gemu, ƙarya nake yi kamar kullum.

Ta ce a ɗaga ta. Ni da Inna muka kama ta, ba ta fi dami ɗaya na kara nauyi ba. Muka zagayo da ita gaba, yara suka matsa, ta zauna a kan buhun da aka ninke. Ta ce a sake. Mai shago ya sake. Ta kalli mai gemu ya kai hannun dama cikin ƙwarya. Ta ce a sake. Ya sake. Babu wanda ya yi dariya, ni ma na ajiye ƙahona. Ba a jin komai sai ƙaramar fankar da ke cikin majigin.

"Ashe," in ji ta.

Shiru ya yi mini yawa, bakina kuma ba ya iya zama. Na ce wallahi bari Baba Tsoho ya dawo, ni zan fara tarar sa da wannan labari tun daga bakin hanya. Sai da maganar ta fita na ji ta. Tun da muka zo garin nan babu wanda ya haɗa sunansa da dawowa a cikin magana ɗaya. Addu'a ake yi masa, irin wadda ta dace da mai rai ta kuma dace da wanda ba shi. Inna ta sunkuyar da kai. Mai shago ya shiga duba wayar batirinsa.

Kaka ba ta dube ni ba, yadin take kallo.

"Ba kai za ka faɗa masa ba. Kai sai ka ƙara gishiri, ka ce na ba da haƙuri. Ni zan faɗa masa da bakina."

Na ce to.

Ta zauna har fim ɗin ya ƙare, yadin ya koma fari. Mai shago ya kashe, aka buɗe ƙofa, rana ta shigo ta kashe mana ido. Yara suka watse suna gardamar hagu da dama. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Kaka ta tambayi Inna ko akwai abin da ya rage a tukunya. Inna ta ce akwai ɗumamen tuwo da miyar kuka. Ta ce a kawo. Ta ci kaɗan, a hankali, tana hutawa tsakanin loma da loma, sannan ta ce miyar ba ta ji daddawa ba. Inna ta ce za a ƙara gobe, ta tashi ta fita waje ta tsaya ta ba mu baya, ta daɗe a haka.

Ina so in ce na ji daɗi. Na san ya kamata. Na taya mai shago ɗaukar batiri har shagonsa, yana gaba ina baya, kuma abin da nake ji kawai shi ne batirin yana cin kafaɗata.

Daga baya an dawo da sabis. Ranar duk garin ya cika da ƙarar waya. An kira wasu gidajen, wasu sun ji abin da suke so, wasu sun ji ɗayan. Wayar Baba tana ƙara, amma 'yan uwa ne masu tambayar ko mun ji wani abu. Har yau ba mu ji ba. Mun bar siton mun koma ɗaki mai taga, na koma makaranta, ƙauye kuwa ba mu koma ba.

Kaka tana ci. Ba da yawa ba, rabin abin da aka zuba mata, kuma ba ta rasa abin da za ta kushe a miya. Magana ma kaɗan take yi. Wani lokaci takan wuni tana kallon ƙofa. Kwanan baya ina zaune kusa da ita tana ɓare gyaɗa, na tambaye ta yadda za ta faɗa wa Baba Tsoho in ya zo. Ta daɗe ba ta amsa ba, har na ɗauka ta koma irin shirun da. Can ta ce ba ta gama tsarawa ba tukuna. Tana neman hanyar da laifin zai zama nasa.